Tagar da Baba Ya Toshe

Aikin da nake yi ba shi da suna a gidanmu. Inna in an tambaye ta sai ta ce, "Yana kan na'urarsa." Kawu kuwa, yayan Inna, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba, cinikin iska yake kiransa. Ban taɓa musa masa ba, don ban tabbata ya yi kuskure gaba ɗaya ba.

Ga yadda aikin yake. Da na gama jami'a a nan Bangi, na zagaya ofisoshi da takardata har takalmina ya siɗe, ban samu ko alkawari ba. Sai na lura cewa 'yan kasuwar unguwarmu, Kilomita Biyar, masu atamfa da shadda da takalma, da yawansu sun gaji da zuwa Duwala saro kaya. Hanyar da nisa, ga shingaye, ga abin da ba a son faɗa. To ni sai na zama musu ido. Ɗan kasuwa zai zo falonmu ya zauna, in kira dillali a Duwala ta bidiyo, a buɗe dila a gabansa, ya ga zane, ya ga launi, ya ce wannan a ajiye mini, wancan a mayar. In sun daidaita, in tabbatar da oda, in kama wa kayan wuri a mota. Gida suke zuwa, ba shago ba, domin babu mai son maƙwabcin rumfarsa ya ga abin da ya zaɓa kafin kaya su sauka.

Duk wannan a kan abu ɗaya yake tsaye: kada layin intanet, wanda mu nan muke kira rezo, ya yanke ana tsakiyar magana. Shi kuwa rezon gidanmu kamar ya san lokacin da aka fi buƙatarsa.

Kawu yana da hannu a manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Duwala, kuma ya daɗe yana neman na gida da zai riƙa bin mota, ya zauna gefen direba, ya riƙe takardun kaya, ya yi magana da masu shinge. Wata rana bayan la'asar ya zo gaida Inna, ya same ni a tsakar gida na ɗaga kwamfuta sama kamar mai shanya.

"Ɗana, har yanzu iskar ba ta kaɗo ba?"

"Tana zuwa, Kawu. Wataƙila hadarin nan ne."

"Jiya da babu hadari fa?"

Na sauke kwamfutar.

"To ka ji. Na ba ka daga nan zuwa Babbar Sallah. In abin nan ya tsaya da ƙafarsa, Allah ya sa albarka, ni ma zan kawo nawa cinikin. In bai tsaya ba, ka shiga mota. Faransancin nan da ka sha a makaranta, a shinge ake buƙatarsa."

Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Amma na ga hannunta ya tsaya a cikin faranti. Kowa a unguwarmu ya san wani da ya bi hanyar nan ya dawo ba yadda ya tafi ba, ko ma bai dawo ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ni kaɗai ne namiji. Ƙannena mata duk suna gidajen mazansu, ɗaya a unguwar Kokoro, ɗaya ta yi nisa. Mu biyu muka rage a gidan.

A lokacin da ƙaramin modem nake aiki, irin wanda ake cusa wa kwamfuta a gefe, ana ce masa kile. In ya ɗan jima yana aiki sai ya yi zafi kamar dutsen guga, daga nan ya ɗauke. Na ɗora masa laifin duka. Washegari na tafi wurin abokina, wanda muka yi sakandare tare, mai rumfar wayoyi a bakin babban titi. Yaren Sango ya fi masa sauƙi a baki, amma Hausarsa da yaji take, kuma tun muna aji yake kirana Malam Wataƙila.

"A'a, Malam Wataƙila da kansa! Yau saye za a yi ko tambaya?"

"Tambaya tukuna, ita," na ce masa, don haka muke kiran juna, ɗan'uwa da Sango.

"Na sani ai. Zauna, bari in sallami masu kuɗi."

Na tambaye shi abubuwa da yawa ranar nan. Wanne ne ba ya zafi? Wanne ne ke riƙe caji in an ɗauke wuta? Wannan na aljihu, sim ɗin kowane kamfani yake karɓa, ko an kulle shi a kan guda? Sabo ne, ko an sake masa kwali ne a Duwala? Ya amsa wasu, ya rantse a kan wasu, wasu kuma ya ce in je in tambayi Sinawan da suka ƙera shi. Na tafi ban saya ba. Na koma gida na karanta abin da mutane suka rubuta a kansa da Faransanci, duk yabo ne, sai dai na lura masu yabon suna ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta. Bayan kwanaki na koma na ɗauki na aljihun, mai batir a cikinsa, ina jin na yi duk abin da mai hankali zai yi.

Ya yi mini aiki, ba zan zalunce shi ba. In an ɗauke wuta ba ya mutuwa. Amma muryar dillali tana zuwa a gutsuttsure, hoto kuma yana tsayawa cak, mutum ya buɗe baki ya daskare a haka.

Ranar da ta fi ci mini rai ita ce ranar da wani Alhaji mai atamfa ya zo. Babban mutum ne a layin masu zane, in ya yarda da kai rabin layin sun yarda. Inna ta shimfiɗa masa darduma mai kyau, ta kawo shayi. Dillali ya fara buɗe kaya, sababbin zane na Sallah, Alhaji ya gyara zama, ya sa tabarau. Ya nuna wani mai ruwan ganye da ratsin zinariya, ya ce a matso da shi. Dillali ya matso da shi, hoton ya tsaya. Muka zauna muna kallon rabin zane da babban yatsan mutum. Na kashe, na kunna. Na fita tsakar gida, na dawo. Na cire sim, na hura masa iska, abin da na san ba ya maganin komai. Da layi ya dawo, dillali ya ce ya yi ta kira bai same mu ba, wani ɗan kasuwa da ke tsaye a gabansa ya ɗauke dilar.

Alhaji ya cire tabarau, ya ninke, ya shanye shayinsa a natse.

"Yaro, ubanka Allah ya jiƙansa, in ya kama bakin zane ba ya saki sai an gama magana. Kai naka hannun a ina yake?"

"A yi haƙuri, Alhaji. Ina jin kamfanin ne yau."

"To ka gaida kamfanin."

Bai sake zuwa ba. Kuma na san labarin ya riga shi isa kasuwa.

Daga nan na shiga wani hali da ba na son tunawa. Na sauya sim, na sauya kamfani, na dawo kan na farko. Na zargi ruwan sama, na zargi zafi, na zargi yawan mutanen da ke kallon ƙwallo a waya. Kowane zargi yana da ɗan gaskiya a cikinsa, shi ya sa na daɗe ban fita daga cikinsu ba. A ƙarshe na tattara abin da na ɗan tara na koma wurin abokina, na ce ya ba ni babban, rauta mai ƙaho biyu, wanda ke karɓar kowane sim, yana aiki da batirin sola in wuta ta tafi, kuma yana da wurin da ake jona masa eriyar waje. A gabansa akwai 'yar fitila: in rezo ya cika ta yi kore, in ya raunana ta yi ja.

"Wannan," in ji abokina, yana shafa kwalin, "ko a cikin rijiya ka sa shi zai kamo maka Duwala."

A falonmu ja ya yi. Wani lokaci ya ɗan yi kore, kamar mai gaisuwa a kan hanya, ya koma ja.

Na mayar masa da shi a fusace, irin fushina da ba ya wuce rawar murya. Ya ce ba ya karɓar kayan da aka buɗe, amma in ina so in bi shi gidansa a Yakite a gwada a gaban idona, in ya yi ja a can shi da kansa zai jefa shi a kogi. Muka hau babur ɗinsa. Ɗakinsa ba wani abu ba ne, ga taga a buɗe, labule yana kaɗawa. Ya ɗora rauta a kan firji, ya jona. Kore. Muka kira dillali, murya tar, hoto tar, har ina ganin gumin goshinsa.

"To, Malam? Wataƙila me kuma?"

"Wataƙila unguwa ce. Ku kun fi kusa da ƙarfen kamfani."

"Wataƙila aljanun gidanku ne ba sa son kasuwanci. Ɗauki kayanka, ita, yeke yeke, a hankali, kada ka fasa mini ƙaho."

Da ƙafa na dawo, kwali a hammata, waya a hannu. Ban san me ya sa na riƙa duba sandunan rezo a wayar ba, ina jin neman wanda zan ɗora wa laifi nake. Na shigo unguwarmu, a cike suke. Na shigo layinmu, a cike. Na tsaya a jikin bangon gidanmu ta waje, a cike. Na tura ƙofar ƙarfe na shiga, na mayar da ita, sai suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Na fita. Suka dawo. Na shiga. Suka zube.

A nan sai in faɗi yadda gidanmu yake, don wanda bai zauna a Kilomita Biyar a shekarun rikici ba zai yi zaton haka aka gina shi. Da gida ne kamar kowanne, mai iska, mai tagogi. Da abubuwa suka ɓaci, kowa ya yi wa gidansa abin da zai iya. Mu aka ƙara wa katangarmu tsawo. Aka cire ƙofar katako aka sa ta ƙarfe mai kauri. Aka rufe yawancin tsakar gida da kwano, don kada a jefo wani abu daga waje. Ta baya kuma wani ya gina babban ma'ajin kaya mai bene, ya tare mu. Gefen da ke kallon titi kaɗai ya rage, kuma a gefen nan ɗaki ɗaya ne, ɗakin Baba, mai babbar taga. Wata safiya harsashi ya shigo ta tagar, ya wuce ta saman gado, ya shige cikin bango. Babu wanda ya nufe mu da shi, a iya saninmu. Inna tana ɗakin tana ninke kaya. A ranar babu maginin da zai fito, sai Baba ya samo bulo a wurin maƙwabci, ya kwaɓa siminti da kansa, ya toshe tagar. Ɗan kasuwar zane ne, bai taɓa riƙe cokalin gini ba, saboda haka layukan bulon a karkace suke, simintin ya tsattsafo ta ko'ina. Bai daɗe ba bayan an samu sauƙi hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu. Inna ta koma ɗakin, ba ta bari an shafe wurin ba, ba ta bari an yi masa fenti ba.

Mun mayar da gidanmu akwatin ƙarfe da siminti don kada komai ya shigo. Komai kuwa bai shigo ba, har da abin da nake nema. Ni da na yi ta karanta bayanin modem har idona ya yi ja, ban taɓa ɗaga kai na dubi rufin da ke kaina ba, saboda na saba da shi har na daina ganinsa.

Na fara da abin da na ga ya fi sauƙi. Na ce wa Inna akwai eriya da ake kafawa a kan rufi, a jawo waya zuwa ciki.

"A kan rufi? Inda kowa zai gani?"

"Ƙarama ce, Inna. Ba ta kai faranti ba."

"Kai, ka manta ne ko ka mayar da kanka yaro? In yaran nan masu zagaye da bindiga suka ƙwanƙwasa suka ce da wa ake magana a gidan nan da wannan abu, me za ka ce musu? Da mai atamfa?"

Na kai maganar wurin Kawu ina zaton zai goya mini baya. Ya ce ƙanwarsa ta fi ni gaskiya. A unguwarmu, in ji shi, ba a ɗora komai a kan rufi sai abin da kowa ke da irinsa. Abin da ya bambanta ka da maƙwabcinka, ko a ce kana da dukiya, ko a ce kana kai rahoto, kuma ba a san wanne ya fi muni ba. Yanzu an samu lafiya, alhamdu lillahi, amma mutanen da suka yi wancan tunani ba su ƙaura ba.

Na yi tunanin shagon Kawu, amma yana can tsakiyar kasuwa ƙarƙashin kwano, ga idon jama'a. Na yi tunanin kama ɗaki a wani wuri, ƙarfina bai kai ba. Zama da kwamfuta a bakin titi kuwa, ko mahaukaci ba zai ba ni wannan shawara ba. Wata rana Inna ta tafi gaisuwar rasuwa a Miskin, na shiga ɗakinta, na hau kujera, na manna rauta a saman bulon Baba, inda simintin ya ɗan bar kafa. Fitilar ta yi ta kai da kawo tsakanin ja da kore. A ko'ina cikin gidan koren bai taɓa daɗewa haka ba. Na sauko, na mayar da kujerar daidai inda take, na share sawun ƙafata.

Na riƙe maganar a cikina makonni. Azumi ya riga ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, raguna sun fara bayyana a bakin titi. Kullum in ce yau zan faɗa, sai in ga ta fito daga ɗakin da carbi a hannu, in ce gobe. Ina ta auna abin: ban tabbata buɗe tagar zai gyara komai ba, wataƙila ya ɗan inganta kawai, wataƙila in tayar mata da hankali a banza. Kuma wane ne ni da zan rushe abin da ubana ya gina da hannunsa don ya kare matarsa?

Ita ta buɗe maganar, tana tuƙa tuwo, bayanta gare ni.

"Ka taɓa kujerar ɗakina ran nan."

"Na taɓa, Inna."

"Me ka gani a sama?"

Na faɗa mata. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa ba dole ba ne, ba duka ba, layi biyu na sama ma wataƙila su isa, za a sa ƙarfe, za a sa raga. Ta bar ni har na ƙare.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," ta ce. "Kai ba ka ɗakin ranar nan. Ba ka ji ƙarar ba. Ni har yau in na ninke zani a bakin gadon nan sai na sunkuyar da kai."

"Na sani, Inna."

"Ba ka sani ba. Mahaifinku hannunsa duk ya yayyage da siminti, ya ce mini, yanzu ki yi barci. Shi ne abu na ƙarshe da ya gina a duniya. Je ka wanke hannu, abinci ya yi."

Ban sake tayar da maganar ba. Na ci gaba da ɗan abin da ya rage mini, masu takalma biyu da suka fi Alhaji haƙuri, ina aika musu hotuna maimakon bidiyo, hoton ma sai ya ga dama ya tafi. A raina na fara shirin mota. Na nemo katin shaidata, na duba ko bai mutu ba.

Ana saura kwanaki Sallah Kawu ya zo. Bai yi ba'a ba a wannan karon, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce ayarin motoci zai tashi bayan an gama cin nama, in kawo hotuna a yi mini takardar hanya. Ya ce direban mutumin kirki ne, ya san kowane shinge da mai shingen. Ya juya wurin Inna.

"Ki yi masa addu'a kawai. Namiji ne. Mu ma haka muka fara."

"Allah ya tsare," in ji Inna.

Da ya tafi ta daɗe zaune a inda ya bar ta. Ni ma ban motsa ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gaba damisa, baya siyaki." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Da safe na same ta ta yi shirin fita, ta ɗaure 'yan kaya a ɗankwali. Ta ce za ta wuni a Kokoro wurin ƙanwata.

"Layi biyu ka ce?"

Sai da na ɗan jima kafin na gane me take nufi.

"Biyu, Inna. Wataƙila ma…"

"Kada ka ce mini wataƙila. Biyu na sama. Ka cire su ɗaya-ɗaya, kada ka fasa ko guda, kada kuma ka fitar mini da su daga ɗakin. Kar in dawo in tarar ana bugu."

Na aro guduma da kurfi. Na rufe gadonta da tabarma. Simintin Baba ya fi yadda na zata ƙarfi a wasu wurare, a wasu kuma da yatsa ma yana marmashewa. A tsakanin bulo na farko da na biyu na ga inda ya danna simintin da yatsunsa, sawu uku a jere, har da layin fata. Na tsaya. Na yi niyyar in bari, in ce mata ya gagara. Sannan na sa kurfin a gefe, nesa da sawun, na ciro bulon da simintin manne a jikinsa. Da na zare na farko, haske ya faɗo a kan gadon kamar an zuba ruwa, tare da ƙarar babura da muryar wata mata mai tallar rogo da Sango. Na manta cewa ɗakin nan ya taɓa jin titi.

Maƙeri ya zo ya kafa sanduna da raga kafin azahar. Na kafa ɗan katako a ƙarƙashin kafar, na ɗora rauta, na miƙe masa ƙahonninsa. Kore. Na zauna a ƙasa ina jira ya koma ja. Bai koma ba. Na tafi falo, na kira Duwala ta cikin bango, murya ta zo tar. Ina tsammanin zan yi murna. Abin da na ji ya fi kama da wanda ya ci jarrabawa da amsar wani.

Inna ta dawo bayan la'asar. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana kallon hasken. Ta sa na ja gadon zuwa ɗaya bangon, inda ba ya fuskantar kafar. Bulon kuma ta sa na jera su a ƙarƙashin tagar, mai sawun yatsu a sama, ta rufe su da tsohon zani. Washegari ta aiki a sayo mata rabin buhun siminti, ta sa a leda ta ajiye a bayan ƙofa.

"Na mene ne, Inna?"

"In ta ɓaci, kafin a kira salla an mayar."

Kawu ya kawo cinikinsa kamar yadda ya yi alkawari. Ya zauna a falo, ya zaɓi shadda daga farko har ƙarshe layi bai motsa ba, ya ce, "Ashe iskar tana da igiya." Motar ta tashi bayan Sallah da ɗan wani maƙwabcinmu a gefen direba. Na san yaron, na san uwarsa. Ya je ya dawo lafiya, ya sake komawa, kuma duk lokacin da ayari ya yi jinkiri nakan kasa haɗa ido da uwarsa.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar ciniki, tayar wata mota ta fashe a kan titi. Na ji faɗuwar abu a ɗakin Inna. Na bar ɗan kasuwa da dillali suna kallon juna, na ruga. Na same ta a ƙasa, tsakanin gado da bango, hannu biyu a ka. Na ce taya ce, Inna, taya ce kawai. Ta ɗago a hankali, ta gyara ɗankwali, ta dubi katakon nan na sama.

"Kore ne," ta ce. "Koma wurin baƙonka."

Na koma. Muka gama cinikin.

Yanzu abokai masu irin aikina, da masu cinikin kuɗaɗe a kan allo waɗanda daƙiƙa ɗaya ke iya kayar da su, sukan tambaye ni wane modem za su saya. Nakan ce su nemi wanda ba a kulle a kan kamfani ɗaya ba, wanda zai rayu in wuta ta tafi, kuma kada su biya sai sun gwada shi a ɗakin da za su yi aiki, ba a rumfar mai sayarwa ba. Daga nan nakan tambaye su yadda gidansu yake, me aka toshe, wa ya toshe. Wasu su yi dariya. Waɗanda suka zauna a unguwar nan a waɗancan shekaru ba sa dariya.

Ban san ko na yi daidai ba. Aikin ya tsaya da ƙafarsa, ban shiga mota ba, abin da Inna ta saya ke nan da barcinta. Takan ce tana barci lafiya, amma idonta da safe ba ya cewa haka. Kullum in ta share ɗaki takan goge rautar da gefen zaninta, a hankali, kada ta taɓa ƙahon. In fitilar ta sauya ina falo, ta cikin bango nake jin muryarta: "Kai! Ya yi ja." Simintin bayan ƙofa ya sha damina ya daskare ya zama dutse. Na gaya mata ba zai ƙara amfani ba. Ta ce to, in na fita in sayo mata wani.